Gonar Inna Tumba da Kwafin da Ban Taɓa Buɗewa Ba

Talata Mafara,
Ranar Lahadi, bayan La'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗiyata Rabi'atu, Uwata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Kaduna lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikinki. Mahaifiyarki ce za ta sa wannan takarda cikin jakarki, ƙarƙashin darduma, don na san ita za ki fara cirowa. Ki yi sallarki, ki ci abinci, ki huta, sannan ki karanta. Ba abin gaggawa ba ne.

Tun ranar da takardar ɗaukarki aiki ta zo, kika ce mini za a ba ki kula da rumbun bayanai na asibitoci da makarantu, nake son in zaunar da ke. Sau uku ina kiran ki, in kin zo sai in tambaye ki wani abu daban. Akwai maganar da uba ke jin nauyin faɗa wa ɗiyarsa ido da ido, musamman in maganar ta kurakuransa ce. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kin fi ni karatu nesa ba kusa ba. Abubuwan da zan ambata kin san sunayensu da Turanci, ni kuwa da hannu na koye su, wasu ma da kunya. Don haka ba darasi zan ba ki ba. Zan gaya miki inda na faɗi ne.

Kin san ni ɗan mahauta ne. Kakanki ya so in gaje shi a rumfar nama, ni kuma na maƙale wa keken rubutu, daga nan na koma kwamfuta. Da ƙungiyar manoman rani ta yankinmu ta nemi wanda zai riƙe mata bayanai, sai aka ɗauke ni, na yi shekara goma sha shida a wannan kujera. Abin da ke cikin rumbun ba wani abin mamaki ba ne: sunan manomi, lambar gonarsa a ƙarƙashin ruwan madatsar Bakolori, tsawonta da faɗinta, wanda ke gabas da shi da wanda ke yamma, ranar da ruwa ke zuwa masa, da kuma yadda gonar ta zo hannunsa, gado ne ko kyauta ko aro. Layi ɗaya ne a allo, amma abincin gida guda ne na shekara.

Kuskurena na farko shi ne na amince da tunawata. Kowace Alhamis kafin in tashi, sai in kwafe rumbun in zuba a 'yar filasha ta ajiyar bayanai, abin nan da kuke kira bakof. Ban taɓa fashi ba har shekara biyu. Sai kakanki ya kwanta ciwo a daidai lokacin da ya yi alkawarin shanu da wasu mutane, ya zama ni ke zuwa kasuwa a madadinsa. Alhamis ta farko na ce gobe. Ta biyu ma ban tuna ba. A mako na huɗu, ina kunna kwamfuta da safe sai ta yi wata 'yar ƙara kamar ana taunar tsakuwa, daga nan ba ta sake tashi ba. Allah Ya taimake ni takardun da manoma suka cika suna nan a kabad, na zauna na sake shigar da aikin wata guda da hannu. Wahala ce kawai na sha, ba wanda ya cutu.

Abin da na koya a nan kin riga kin san shi, amma zan faɗa: kada ki bar kwafin ajiya a hannun tunawar mutum, ko da mutumin ke ce. Ba don ke malalaciya ba ce. Don wata rana wani naki zai kwanta ciwo, hankalinki ya tafi can, kuma daidai ne ya tafi can. Ki sa na'ura ta riƙa yi da kanta a kan lokaci, ko kina nan ko ba kya nan.

Haka na yi. Na je wani ɗan gajeren kwas a Gusau, na koyo yadda ake rubuta 'yan layukan umarni da za su sa kwamfuta ta kwafe rumbun da kanta. Na sa mata ƙarfe biyu da rabi na rana, lokacin da muke fita sallar Azahar, ba mai shigar da komai. Na dawo ina jin kaina. Amma sai na yi wauta biyu a haɗe: na sa kwafin yana sauka a cikin kwamfutar nan dai, kuma kullum da suna ɗaya, na yau ya hau kan na jiya ya shafe shi.

Wata Litinin abokin aikina Bello, wanda ke taya ni shigar da bayanai, ya so goge sunan mutum ɗaya da aka rubuta sau biyu, sai ya goge manoman wani sashe na Bakura gaba ɗaya bai lura ba. Ba mu gane ba sai Laraba. Na ce masa, "Kwantar da hankalinka, akwai kwafi." Na buɗe kwafin, sai na tarar shi ma babu su. Na'ura ta yi abin da na ce mata, ta kwafe ɓarnar ranar Litinin, ta sake kwafe ta ranar Talata, ta shafe mai kyaun da hannunta. Bello ya dube ni ya ce, "To Malam Garba, mi ne amfaninsa ke nan?" Muka koma kabad.

Uwata, ki riƙe wannan. Na'ura ba ta san mai kyau da marar kyau ba, abin da ta tarar shi take ɗauka. Don haka kowane kwafi ya zo da kwanan watansa, kuma a bar na baya su taru: na kowace rana na mako biyu ko uku, na kowane mako na 'yan watanni, na kowane wata har shekara ko fiye. Ɓarna da yawa ba a ganinta ranar da aka yi ta. Kuma kada kwafi ya kwana ɗaki ɗaya da abin da aka kwafa shi kaɗai. Wuta ɗaya, ruwa ɗaya, ɓarawo ɗaya ya ishe su duka biyun.

Na gyara waɗannan. Ƙungiya ta saya mini faifan ajiya guda biyu, irin waɗanda ake jonawa a cire. Ɗaya yana jone a ofis yana karɓar kwafi kullum, ɗaya yana gida cikin akwatin mahaifiyarki. Duk Alhamis in musanya su. Kina ƙarama lokacin, wataƙila kin tuna wani baƙin abu mai kamar sabulu da aka hana ki taɓawa. Shi ne.

Daga nan na saki jiki. Har nakan ce wa manoma in sun zo da gardamar iyaka, "Ku bar musu, kwamfuta ba ta mantuwa." Ina faɗa ina buga ƙirji. Yanzu ga abin da ya sa na rubuto miki.

Kalmar sirrin rumbun guda ɗaya ce tak, wadda ke iya komai, ta karanta, ta canza, ta goge. Ita nake shiga da ita, ita Bello ke shiga da ita, ita kuma na rubuta ƙuru-ƙuru a cikin layukan umarnin nan na kwafi. Na kuma rubuta ta a 'yar takarda na liƙa a gefen tebur. Wata rana na dawo daga alwala na tarar da wani baƙo da ke jirana ya sunkuya yana karanta ta. Wataƙila ba da wata manufa ba. Yana fita na canza ta, na gaya wa Bello sabuwar, na yaga takardar. Na ji na yi abin kirki. Na manta da layukan umarni, tsohuwar kalma na nan a cikinsu.

Tun daga ranar, kullum ƙarfe biyu da rabi kwamfuta za ta ƙwanƙwasa rumbun da tsohuwar kalma, a hana ta shiga. Amma yadda na rubuta umarnin, takan fara buɗe sabon fayil ta sa masa kwanan wata kafin ta je ɗebo bayanan. Sai fayil ya zauna da sunansa mai kyau, cikinsa babu komai. Duk Alhamis in na zo musanya faifai nakan leƙa, in ga sunaye a jere, Litinin, Talata, Laraba, ba wanda ya yi fashi, in ce alhamdu lillahi in rufe. Ban taɓa duba nauyinsu ba. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Wata bakwai ana haka.

A cikin waɗannan watanni ne wani dattijo daga Dakko, Malam Ɗanjuma, ya zo ofis da shaidu biyu. Ya rame ƙwarai, tafiya ma da sanda. Ya ce ya ba matarsa, Inna Tumba, rabin gonarsa kyauta, ta riga ta karɓa tana nomawa, yana son a rubuta tun yana da rai. Ba su da ɗa namiji, 'ya'yansu mata biyu suna gidajen aure. Ya ce mini, "Ɗana, rubuta shi da kyau. Tare munka yi wahalar gonar nan shekara talatin." Na cika takarda, suka dangwala, na shigar a kwamfuta a gabansa, na juya allon na nuna masa sunanta. Bai iya karatun boko ba, amma ya daɗe yana kallo. Farkon damina ya rasu.

Ƙarshen daminar nan aka yi wani hadari da rana tsaka, ranar Juma'a muna masallaci. Iska ta yaye kwanon ofishinmu ta jefar a bayan gari. Kafin mu iso, ruwa ya cika ɗakin. Kwamfuta, faifan da ke jone, kabad ɗin takardu da ya faɗi ya buɗe, duk suna cikin ruwa da laka. Takardun sama, wato na 'yan watannin nan, su suka fi lalacewa, tawada ta narke sun zama dusa. Shugabanmu Alhaji Umaru ya tsaya a bakin ƙofa yana salati. Ni kuwa na ce masa, "Alhaji, kada ka damu. Kwafin jiya Alhamis yana gidana." Ya riƙe hannuna ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, Garba."

Ranar Litinin aka aro mana kwamfuta. Na jona faifan gida, na zaɓi fayil na ƙarshe, na ce a maido. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba ta ce ta gama. Na buɗe rumbun, fayau. Na ɗauki na ranar da ta gabace shi, haka. Na yi ta komawa baya, mako, wata, wata biyu. Sai a lokacin na dubi gefen sunayen inda ake nuna nauyi, na ga sifili a jere tun daga sama har ƙasa. Fayil na ƙarshe mai abu a ciki na wata bakwai ne da suka wuce. A cikinsa gonar Malam Ɗanjuma tana nan ɗungurungum da sunansa shi kaɗai.

Da na tashi a lokacin na je na gaya wa Alhaji Umaru, da labarin nan ya zo da sauƙi. Ban je ba. Na ce wa kaina bari in gwada wata dabara tukuna. Na kai jiƙaƙƙen faifan wurin masu gyara, na san kuwa ko ya tashi abin da ke cikinsa fanko ne irin na gida. In Alhaji ya tambaya sai in ce, "Ana kan aiki, sabuwar kwamfutar ce ba ta saba ba." Kwana tara ina wannan ƙarya. Abinci ma ba ya shiga. Mahaifiyarki ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce shi ne.

A cikin kwanakin nan aka fara tsara rabon ruwan rani. Inna Tumba ta fita takaba ke nan, ta riga ta yafa irin albasa a 'yan fangaloli a bayan gidanta, tana jiran a sa ta a jerin ruwa ta yi dashe. Sai ƙanen mijinta, Mamman, ya zo ya ce gonar duka ta shiga gado, shi bai san da wata kyauta ba. Ban ce ƙarya yake ba, mai yiwuwa wansa bai gaya masa ba. Alhaji Umaru ya ce abu ne mai sauƙi, a jira Garba ya gama gyara, kwamfuta za ta raba gardama. Kafin nan kada a sa gonar a jerin ruwa, kada kowa ya taɓa ta.

A rana ta tara Inna Tumba ta zo da kanta. Tsohuwa ce 'yar siririya, ta hau mashin tun daga Dakko. Ta zauna a tabarma a rumfar da muka kafa a madadin ofis, muka gaisa, na yi mata ta'aziyya. Sai ta ce, "Ɗana, an ce injin naku ya sha ruwa."

Na ce, "Ya sha, Inna."

Ta ce, "Amma an ce akwai wani a gidanka wanda bai sha ba."

Na ce, "Akwai."

Ta ce, "To alhamdu lillahi. Shi Malam da yad dawo ran nan, cewa ya yi ya ga sunana da idonsa a cikin gilashi. Ya ce ko bayan ransa ba mai tada ni. Irina dai ya fara tsufa, shi ya sa na ce bari in zo in ji ko da saura."

Uwata, ban san yadda aka yi ba, sai na ji bakina yana cewa, "Inna, sunanki ba ya ciki. Laifina ne." Bello yana wurin, Alhaji Umaru yana shigowa ke nan. Na faɗa musu komai, tun daga kalmar sirri har kwana taran da na yi ina juya su. Alhaji bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Watanni bakwai ɗin nan na yafe maka, kuskure ne. Kwana taran nan su ne ban san yadda zan yi da su ba." Har yau in na tuna sai in ji kamar yanzu yake faɗa.

Aka tara dattawa. Na ce ni shaida ne, da hannuna na rubuta. Mamman ya ce, "Kai kac ce muna kwamfuta ba ta mantuwa. Yanzu ta manta, sai mu koma ga bakinka? To wane rabi ne? Na bakin magudanar ruwa ko na can ƙarshe?" Wallahi ban tuna ba. Na shigar da ɗaruruwan gonaki, ban riƙe a kaina ba don na san an rubuta. Kuma tsakanin rabin da ke bakin magudana da na ƙarshe akwai bambanci babba, na ƙarshen sai ruwa ya ƙoshi kowa yake isa can. Ita ta ce na bakin magudana ne, amma ita ce mai ƙara, ba a yanke da maganarta ita kaɗai. Cikin shaidu biyu, ɗaya ya rasu. Ɗayan, Malam Isa, ya tashi da iyalinsa, an ce yana wajen 'yan uwansa a Janbako, wayarsa kuma ba ta shiga.

Ni na je neman sa. Kin san hanyar, kin kuma san yadda ake fargabar ta. Tafiya biyu na yi a kan mashin, ta farko na tarar ya je Maradun, ta biyu na same shi a kasuwa. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya ce, "Na bakin magudana ne mana. Ni na riƙe igiya da anka auna, daga tushen giginya zuwa gabas." Ya biyo ni, ya faɗa a gaban dattawa, aka haɗa da tawa shaidar cewa an yi kyautar. Mamman ya ce tunda Malam Isa ya faɗa, ya yarda. Aka mayar mata da rabinta.

Sai dai kafin a gama duk wannan an yi kusan mako huɗu. Zagayen ruwa na farko ya wuce, irin albasarta ya tsufa a fangali ya ƙi dasuwa. Shekarar nan ba ta yi albasa ba. Alayyafo da ɗan salak ta shuka a gefe, 'ya'yanta mata suka riƙa aiko mata da hatsi. Da na faɗi gaskiya ranar Litinin ɗin farko, da an nemo Malam Isa tun irin yana da ƙarfi.

Na je Dakko na ba ta haƙuri. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe, ɗana. Amma in tambaye ka. Abin nan da kake ajiyewa a gida, ba ka taɓa buɗe shi ka gani ba?" Na ce ban taɓa ba. Sai ta ce, "Ikon Allah. Ni ko daddawa na ajiye, nakan buɗe in shinshina." Ba da gatse ta faɗa ba, mamaki ne kawai take yi.

To ga abin da nake roƙon ki, kuma shi ne zuciyar wannan takarda. Kwafin da ba ki taɓa maido shi kin gani da idonki ba, kada ki ce wa kowa kina da shi. Ki ware rana a kowane wata, ki ɗauki kwafi, ki zuba shi a wata na'ura daban wadda ba ta aiki, ki buɗe, ki nemi abin da kika san an shigar jiya. Ba jimillar layuka kaɗai ba, ki nemi sunan mutum guda ki karanta. In za ki iya sa na'ura ta riƙa yin wannan gwajin da kanta, ki sa, amma kada hakan ya hana ki leƙawa.

Ki kuma sa wa umarninki baki. Nawa bebe ne, ya gaza sau ɗari biyu bai ce uffan ba. Bayan abin nan na gyara shi: in ɗebo bayanai bai yi ba, kada ya bar fayil ko kaɗan. In ya yi, ya auna nauyin na yau da na jiya, in ya ragu ƙwarai ya yi kuka. Kullum ya turo saƙo a wayata da ta Bello. Daga baya na gane wannan ma bai isa ba, don ranar da na'urar ta mutu gaba ɗaya ba mai turo saƙon cewa ta mutu. Sai muka yi ƙa'ida, in an yi La'asar saƙo bai zo ba, shirun nan shi ne ƙararrawa. Ku yanzu na ji kuna da abin da ke sa ido a kan shirun da kansa. Ki yi amfani da shi.

Maganar kalmar sirri kuwa, ki ba aikin kwafi tasa daban, wadda karatu kawai take iyawa, ba ta canzawa ba ta gogewa, kuma kada ki rubuta ta a fili cikin umarni. Ranar da kika canza kowace kalma, kada ki tashi daga kujera sai kin sa an yi kwafi a gabanki kin ga ya cika. Wurin da kwafi ke sauka, in da hali, ya zama mai karɓa ne kawai, wanda ko wani ya shiga na'urarku da mugunta ba zai iya bin kwafin ya goge ba. Kuma tunda bayanan marasa lafiya da na yara za ki riƙe, ki kulle kowane kwafi yadda in ya faɗa hannun wani ba zai iya karantawa ba. Ni shekaru ina yawo da sirrin gonakin mutane a aljihu a buɗe, in ratsa kasuwa da shi, Allah ne kawai Ya rufa asiri. Mabuɗin kullen kuma kada ya zauna wuri ɗaya da kwafin, kada kuma ya zama ke kaɗai kika san inda yake.

Wannan na ƙarshen ma sai da na ɗanɗana. Shekara biyu bayan haka taifot ya kwantar da ni, aka buƙaci maido wani abu, Bello ya zo har bakin gadona da kwamfuta a hannu, ni kuwa ko sunana da ƙyar nake faɗa. Da na warke na zauna na rubuta yadda ake maido kwafi a shafi ɗaya, da Hausa, mataki bayan mataki. Na ba shi na ce ya yi, ni kuma na zauna a gefe na kama bakina. Sau huɗu yana tsayawa, duk inda ya tsaya in gyara takardar, ba shi ba. Abin da na lura shi ne, duk tsarin da ya yi wuya mutane kan daina bin sa a hankali ba tare da sun faɗa ba. Ki sauƙaƙa shi har wanda hankalinsa ya tashi, shugaba na tsaye a kansa, ya iya bi. Don ranar da za a buƙaci kwafi, haka mutum yake kasancewa.

Za ki tarar da waɗanda suka riga ki a wurin, wataƙila su ce miki komai yana tafiya da kansa shekara da shekaru. Ki girmama su, kada ki shiga da nuna iyawa. Amma cikin ladabi ki nemi a ba ki dama ki maido kwafi ɗaya don ki koya. In ya fito lafiya, kin koyi aiki. In bai fito ba, kin taimaki mutanen da ba za su taɓa sanin sunanki ba.

Sauran abin da ya shafi zaman gari, mahaifiyarki ta gaya miki, kuma ta fi ni iyawa. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki riƙa kiran ta, ko ba ki da labari.

Kuma Uwata, duk da wannan dogon rubutu, wata rana za ki yi naki kuskuren, wanda ni ban san shi ba balle in gargaɗe ki. Ranar nan zuciyarki za ta ce ki jira gobe ko za ki gyara ba wanda ya sani. Kada ki jira. Ki tashi a sa'ar nan ki je wurin shugabanki ki ce, ga abin da ya faru, ga inda hannuna yake a ciki, ga abin da ya rage mana. In kin fito daga ofishinsa, sai ki kira ni. Ba zan tambaye ki yadda aka yi ba. Zan tambaye ki ko kin ci abinci.

Allah Ya tsare ki gaba da baya, dama da hagu. Ya sa albarka a hannunki da abin da zai taɓa, Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya kare ki daga cutar da wani ko da ba da saninki ba. Ya dawo mana da ke lafiya, mu gan ki da idonmu. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Garba.